Darasi a kan takardun haruffa: wasa da koyo ga yaron da ke murmurewa daga tamowa

An tanadi wannan darasi domin ma'aikatan cibiyoyin kula da tamowa, da wakilan lafiya na garuruwa, da matan da ke jagorantar taron iyaye a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da birnin Yamai. Yana bayani a kan yadda za a yi amfani da ƴan takardu masu ɗauke da haruffa, waɗanda ake bugawa ko ake yi wa hotokofi, domin a taimaki ƙaramin yaro ya fara gane baƙaƙe ta hanyar wasa.

Duk wanda ya taɓa zama a cibiya ranar awo ya san yadda yinin yake tafiya. Mata suna isowa tun da safe, su zauna a inuwa suna jiran a kira su, yara na kwance a cinya ko a goye, wasu ko motsi ba su yi. Sa'o'in nan na jira suna da amfani idan an san abin da za a yi da su. Haka kuma makonnin da yaro zai yi a gida yana shan abincin magani, lokaci ne da jikinsa yake dawowa, kuma hankalinsa ma yana bukatar a taso shi.

Dalilin da ya sa shirin abinci yake maganar wasa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana yin mafi yawan girmanta a farkon rayuwa, musamman a kwana 1000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Abu biyu take bukata a lokaci guda. Na farko abinci mai gina jiki, wanda ke da sinadarin ƙarfe da aidin da sauran abubuwan da jiki yake nema. Na biyu kuwa hulɗa da mutane: a yi wa yaro magana, a amsa masa idan ya yi gwalantu, a nuna masa abu, a bar shi ya taɓa.

Tamowa tana tauye yaro ta ɓangarorin nan biyu. Ta hana shi abin gina jiki, sannan ta kashe masa kuzari, ya daina wasa, ya daina dariya, ya daina neman abu da hannunsa. Yaron da ya yi shiru kuwa, su ma manya sukan rage yi masa magana ba tare da sun lura ba. Ta haka yake yin asara sau biyu. Saboda wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa da nuna ƙauna a cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani, ta kuma ba da shawarar a keɓe minti 15 zuwa 30 a kowace rana domin wasan da aka tsara. A shekarar 2018 hukumar, tare da UNICEF da Bankin Duniya, ta fitar da tsarin reno mai rukuni biyar: lafiya, isasshen abinci, kulawa mai amsa bukatar yaro, tsaro, da samun damar koyo tun da wuri.

Akwai wani bincike da ya shahara a wannan fage. Tsakanin 1986 da 1987, a Kingston babban birnin Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su, masu wata 9 zuwa 24. Aka ba wasu ƙarin abinci, aka riƙa ziyartar wasu sau ɗaya a mako ana koya wa iyayensu mata wasa da su, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu kuma aka bar su a kan kulawar da aka saba. Bayan shekara biyu, waɗanda aka haɗa wa abinci da wasa su ne suka fi ci gaba. Da aka sake neman su bayan shekara 20, sai aka tarar waɗanda aka yi wasa da su suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa kome ba da kimanin kashi 25 cikin 100. An buga wannan sakamako a 2014. Kayan wasan da aka yi amfani da su a can na gida ne, tare da littattafan hotuna, kuma ba a tilasta wa yaran karatu ba. Abin da ya yi aiki shi ne zaman uwa da ɗanta suna magana a kan abu guda. Da wannan ido ya kamata a dubi takardar harafi.

Abin da ake nufi da gane harafi

Gane harafi daban ne da karatu, kuma yana zuwa mataki-mataki. Da farko yaro yana lura cewa wannan zane ya bambanta da wancan. Daga nan ya iya haɗa biyu masu kama da juna. Sai ya iya nuna harafi idan an ambace shi. A ƙarshe ya faɗi sautinsa da bakinsa, ya kuma danganta shi da kalmar da ya sani. Ba a tsallake mataki, kuma kowane yaro da saurinsa.

Yaron da bai kai shekara biyu ba, hoton da ke kan takardar ne rabonsa. A nuna masa kaza, a ce kaza, a kwaikwayi kukanta, a bar shi ya daki takardar da tafin hannunsa. Daga shekara biyu zuwa uku yana iya bin harafi da yatsa, ya haɗa masu kama, ya gane harafi ɗaya ko biyu da ya saba gani. Daga shekara uku zuwa biyar ne akasarin yara suke fara kiran haruffa da sautinsu idan ana nuna musu a kai a kai. Yaron da ya yi fama da tamowa yana iya makara a kan tsaransa da wasu watanni, don haka a bi matakin da yake a kai, kada a bi yawan shekarunsa kawai. Ɗan shekara biyu da bai san harafi ko ɗaya ba lafiyarsa ƙalau. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya duba, ya taɓa, ya saurara, ya yi ƙoƙarin magana.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo ana fara wa yaro da babbaƙu, ya san surar kowane harafi, kafin a kai shi ga farfaru inda ake sa wasula. Iyaye da yawa sun bi ta nan, don haka suna saurin fahimta idan an kwatanta musu da haka. Bambancin da za a tuna musu shi ne, rubutun allo daga dama yake farawa, na boko kuwa daga hagu. Yaro yana iya koyon duka biyun ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Haruffan da za a buga

A fara da haruffan Hausa, domin yaro ya fi kama sauti a harshen da yake ji a gida. Hausar boko tana da wasula biyar: a, e, i, o, u. Tana kuma da baƙaƙe masu lanƙwasa waɗanda babu su a Faransanci: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ. Ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a Nijar a 1999 tana amfani da ƴ a inda ake rubuta 'y a Nijeriya, saboda haka takardun da aka samo daga ƙetaren iyaka a duba su a gyara. Lanƙwasar nan tana sauya ma'ana: baki daban da baƙi, fada daban da faɗa, kara daban da ƙara. Na'urori da dama a shagunan buga takardu suna zubar da ita ko su sa wani ɗan akwati a gurbinta. A karanta takardar farko kafin a yi hotokofi mai yawa, idan lanƙwasa ta faɗi a mayar da ita da alƙalami mai kauri.

Takardun haruffan Faransanci da ake sayarwa a kasuwa ba su dace da wannan mataki ba. Hoton da ke kansu ya dogara ga sunan abin a Faransanci, sai uwa ta ga kare a gefen harafin c, ta ce kare, yaro ya haɗa sauti da harafin da ba nasa ba. A Hausa c sautin farkon cokali ne da ciki. Haruffan p, q, v da x kuwa su jira lokacin lakwal. Yaron da ya riga ya gane cewa kowane zane yana da sautinsa, ba zai sha wuyar ƙara waɗannan ba.

Tun da shirinmu na abinci ne, a zaɓi hotunan abincin da ake son ya shiga tukunyar gida, domin takarda ɗaya ta yi aiki biyu, ta koyar da yaro ta kuma tunatar da uwa. Ga misalai: A da albasa, D da dabino ko dankali, F da fura, G da gujiya, H da hanta, K da kifi ko kabewa, Ƙ da ƙosai, L da lemo, M da madara ko mangwaro, N da nama ko nono, R da rogo, T da tumatir, W da wake, Y da yakuwa, Z da zogale, Ƴ da ƴaƴan itace. A ƙara C da cokali da S da sabulu saboda maganar tsabta. Kalmomin Hausa masu farawa da e ko o kaɗan ne, don haka a nuna su a ƙarshen kalma, kamar e a wake da o a nono. A kuma yi la'akari da karin harshen wurin: inda ake cewa gyaɗa maimakon gujiya, ko hura maimakon fura, a sauya hoton ko harafin ya dace da abin da ke fita daga bakin uwa. Haruffa masu goyo irin su sh, ts, gw, ky da ƙw a ajiye su zuwa gaba.

Yadda ake shirya takardun

A raba takarda mai girman A4 gida biyu, kowane rabi harafi ɗaya. A buga babban harafi, mai tsayin tafin hannun babba, da layi mai kauri, a bar cikinsa fari domin a iya cika shi. A ƙarƙashinsa a sa hoto ɗaya tak, wanda ba shi da tarkace a bayansa, sai sunan abin da ƙananan haruffa domin mai jagora. Baƙi da fari ya isa, ya kuma fi sauƙin hotokofi. Manyan haruffa sun fi sauƙin rarrabewa ga mai farawa, saboda ƙananan b, d, ɓ da ɗ suna kama da juna ƙwarai, haka n da u, haka m da w. Ko a manyan ma kada a gabatar da B da Ɓ ko D da Ɗ a mako guda.

Takarda tsirara ba ta kwana biyu a hannun yaro. A yanka kwalin da abincin magani yake zuwa a ciki, wanda kullum ake samu a cibiya, a liƙa takardar a kai da ƙaro ko da kunun sitaci, a gyara kusurwoyin su zama masu zagaye. Waɗanda za su zauna a cibiya a rufe fuskarsu da salatif mai faɗi domin a iya goge su. A buga kowane harafi sau biyu saboda wasan haɗawa. Inda babu na'ura ko wuta, ma'aikaci ya zana da hannu a kan kwali kai tsaye, amfaninsu ɗaya.

Kada a ba uwa haruffa duka a rana ɗaya. A ba ta biyu ko uku, na farkonsu harafin da sunan ɗanta yake farawa da shi. Idan ta dawo ranar awo ta gaba, a ƙara mata ɗaya ko biyu gwargwadon yadda yaron ya karɓa.

Wasanni shida

Na farko, bin harafi da yatsa. Uwa ta zaunar da yaro a cinyarta, su duka suna fuskantar takardar, ta riƙe yatsarsa su bi layin daga sama zuwa ƙasa tana faɗin sautin. Bayan sau biyu ko uku ta sake shi ya yi da kansa, ko da ya karkace. Daga baya a zuba yashi mai tsabta a faifai ko tire, ya zana a ciki, ya share, ya sake.

Na biyu, neman ɗan'uwa. A shimfiɗa takardu biyu mabambanta a tabarma, misali M da O, a ba yaro wata M a hannu, a ce ya nemo ƴar'uwarta. Idan ya saba da biyu a ƙara ta uku. A fara da haruffan da surarsu ta yi nisa da juna, mai zagaye da mai tsaye.

Na uku, harafin suna. Idan yarinya Hadiza ce, H nata ne. Idan yaro Sani ne, S nasa ne. A rataye shi a bangon ɗaki daidai tsayin idonsa. A hankali a ƙara na wansa, da na ƙanwarsa, da B na baba, da K na kaka. Yaro ya fi riƙe harafin da yake da mai shi.

Na huɗu, farauta. A ba yaro takarda ɗaya, a ce ya nemo irin wannan zane a wani wuri: a jikin buhu, a kwalin sabulu, a karnen awonsa, a allon ƙofar cibiya. A nan ne yake fara gane cewa harafin nan ɗaya ne ko'ina ya bayyana, ƙarami ne ko babba.

Na biyar, cin kasuwa. Uwa ta jera takardun kamar mai talla, ta ce: «Malam mai saye, me za a ba ka, wake ko nono?» Yaro ya nuna ko ya faɗa, ta miƙa masa tana jan sautin farko: «Ga nnnono, ga N na nono.» Daga nan su sauya, shi ya zama mai sayarwa. Wannan wasa ya fi kowane jawo magana daga bakin yaro, kuma ana iya yin sa gab da cin abinci, a nuna masa hoton waken sannan a nuna masa waken da ke cikin kwanonsa.

Na shida, cika harafi. A shafa ƙaro a cikin farin harafin, yaro ya barbaɗa yashi ko ya liƙa guntayen tsumma ko busasshen ganye. Idan ya bushe ya samu harafin da yatsa take ji. Masu shekara uku zuwa sama suna iya mulmula yumɓu su shimfiɗa shi a kan layin. Kada a yi amfani da hatsi ko wake a wannan aiki, abinci na tukunya ne, kuma ƙwaya haɗari ce ga ƙaramin yaro.

A duk wasannin nan doka ɗaya ce: idan yaro ya yi daidai a yaba masa, idan ya kuskure a nuna masa daidai ba tare da tsawa ba. Idan ya ɗauki D ya ce ta baba ce, uwa ta ce: «Wannan ta dabino ce, ga ta baba nan,» ta ci gaba. Minti biyar zuwa goma sun isa zama ɗaya, ana iya maimaitawa sau biyu ko uku a yini. Da zarar ya kau da kai ko ya fara ƙorafi, a tattara takardun.

Lokacin da ya dace da wanda bai dace ba

Yaron da aka kwantar a CRENI yana matakin farko na jinya, yana shan madarar F-75, ba shi da ƙarfin wasa. Abin da yake bukata shi ne ɗumin jikin uwarsa, da murya mai taushi, da a dube shi ido cikin ido. Kada a tashe shi daga barci don takarda. Sa'ad da ya fara neman abinci, ya fara bin mutane da ido, ya yi murmushi, to alamar sauƙi ce, a nan ake fara miƙa masa hoto.

Yaron da ake bi a CRENAS yana zuwa awo yana komawa gida da abincin magani, wanda mata da yawa suke kira biskit. Shi ne ya fi cin moriyar wannan darasi. A yi wasan bayan ya ci ya sha ruwa, ya huta. Mai jin yunwa ba ya sauraro. Kada a taɓa mayar da abincin magani ladan gane harafi, ko a hana shi don ya kasa. Abincin nan magani ne, kason yaro na yini hakkinsa ne cikakke, kuma ba a raba shi da sauran yaran gida. Takardun kuwa ana so a raba su da kowa.

Da damina aikin gona yana cinye lokacin mata, kuma a lokacin ne rumbu yake raguwa, zazzaɓin cizon sauro yake yawaita, cibiyoyi suke cika. Kada a ɗora wa uwa abin da zai zama mata ƙarin nauyi. Takarda biyu a cikin ƙwarya, a fito da su lokacin hutun rana a gindin itace ko bayan sallar la'asar, sun wadatar.

Uwar da ba ta yi boko ba, da sauran mutanen gida

Yawancin matan da ke zuwa cibiyoyinmu a karkara ba su yi karatun boko ba, kuma wasu za su ce wannan aikin malamai ne. Ma'aikaci ya amsa da ladabi: «Inna, ai ke kika san sunan abin da ke hoton. Faɗi sunan, ki ja farkonsa, kin koya masa ke nan.» Hoton ne jagoranta. Sau da yawa ita ma tana fita da harafi goma ko fiye kafin a sallami ɗanta, har ta gane sunansa a kan karne. Kada a gwada ta a gaban sauran mata, kada kuma a yi mata dariya idan ta juya takarda kai ƙasa. A sa ɗan jan layi a gindin kowace takarda domin a san ƙasanta.

Akwai kuma maganar kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, kuma takan yi kawaicin wasa da shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Wannan ɗabi'a ce ta mutunci, ba a yi mata gardama. A bi ta hanyar da al'ada ta buɗe: kaka tana da wasa da jikokinta, tana kiran namijin mijinta, macen kishiyarta, don haka wasan harafin suna ya fi dacewa da ita. Gwaggo, ko abokiyar zama, ko yayar yaron da ke zuwa lakwal, duk suna iya yi. Uwar kuma ta yi wasan kasuwa da shi a ɗaki, ta kira shi da laƙabin da ta saba.

A jawo maigida ciki. Idan ya dawo da yamma, yaro ya kawo masa takardarsa ya nuna, minti biyu sun isa. Uban da ya ga ɗansa ya ɗauko B ya ce ta baba ce, ya fi saurin yarda a ci gaba da zuwa awo har a kammala jinya. A tuna masa kuma cewa miƙa wa yaro wayar salula ba ta maye gurbin wannan zama. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce sa'a ɗaya a yini.

Kariya da tsabta

Yaro ƙarami kome ya samu baki yake kaiwa. Kada a bar kusa da mai ƙasa da shekara uku tsakuwa, ko ƙwaya, ko murfin kwalba, ko maɓalli, domin suna shaƙe shi ko su shige hanci da kunne. Kada a sa takardun a leda a bar masa ledar. Kada a haɗa su da ƙusa ko allurar ɗinke takarda. Yashin wasa a ɗebo shi nesa da turken dabbobi da makewayi, a tankaɗe shi, a shanya a rana. A wanke hannun uwa da na yaro da ruwa da sabulu kafin wasa da bayansa, musamman kafin cin abinci. Takardun cibiya a goge su bayan kowane taro. Yaro mai gudawa, ko tari, ko ƙuraje, a ba shi nasa ya tafi da su gida, kada su zaga hannun wasu.

Abin da wasan yake nuna wa ma'aikaci

Zaman wasa dama ce ta lura da abin da sikeli ba ya nunawa. Yaron da ba ya waiwayowa idan an yi magana a bayansa, ko wanda kunnensa yake zubar da ruwa, a tura shi a duba jinsa. Wanda yake manna takarda a fuskarsa, ko idonsa ya karkace, ko yake lalube da magariba, a tura shi a duba idonsa, domin dundumi alama ce ta ƙarancin bitamin A. Wanda ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko wanda ya daina abin da ya riga ya iya, a sanar da jami'in lafiya. Juya harafi baya kuwa, ko rikita b da d, abu ne da aka saba gani har a farkon shekarun makaranta.

Yaron da ya saba karɓar takardarsa da murna, sai kwatsam ya yi lis ya ƙi dubanta, wataƙila ciwo ne yake dawowa. A auna damtsensa: ja ƙasa da milimita 115 ne, ruwan ɗorawa daga 115 zuwa ƙasa da 125, tsanwa daga 125 zuwa sama. A danna bayan ƙafafunsa biyu a duba kumburi. Idan ya ƙi abinci, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi jijjiga, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira ranar awo.

Bita kafin a tashi taro

Mai jagora ya tambayi matan: wane harafi ne na ɗanki? A wane lokaci na yini za ki fito da takardar? Wa zai yi wasan idan kina gona ko rijiya? Me za ki yi idan ya kuskure? Waɗanne alamomi ne za su sa ki kawo shi ba tare da jinkiri ba? Kowace mace ta gwada wasa ɗaya da ɗanta a wurin, mai jagora yana kallo, ya yaba abin da ta yi daidai kafin ya gyara saura.

Ranar da aka sallami yaro daga shirin, a bar masa takardunsa ya tafi da su, a ƙara masa biyu sababbi. A roƙi wakilin lafiya na garinsu, idan ya kai ziyara gidan don auna damtse, ya tambayi inda takardun suke, ya zauna minti biyar ya ga yaron yana wasa da su, ya kuma rubuta abin da ya gani tare da sakamakon awon.